Takardun Zamanin Bature a Ƙasar Zuru: Dukiyar da Gara Ke Ci a Ɓoye

A gidaje da dama a Zuru da Dabai da Ribah da Mahuta akwai wata tsohuwar adaka da ba a cika taɓawa ba sai ranar da mai ita ya kwanta dama. In an share makoki, 'ya'ya da jikoki su jawo ta daga lungun ɗaki, a ɓalle kwaɗon da ya yi tsatsa, a shiga fito da kaya.

Daga sama tufafi ne, wataƙila da tsohuwar hular soja da lambobin yaƙi biyu ko uku. Can ƙasa kuma sai ƙunshin takardu ɗaure da tsumma: ɗan littafin sallama daga aikin soja, rasit ɗin haraji mai lissafin sule da kwabo, hukuncin kotun En'e a kan iyakar gona, takardar ɗaurin aure ta mishan. Wata tana ɗauke da sa hannun Bature, wata da hatimin alƙali, wata kuwa ba komai a gindinta sai dangwalen babban yatsa da ya dusashe.

Tufafi ba sa rasa mai so, lambobi kuma babban ɗa ke ɗauka. Takardun ne ake rasa yadda za a yi da su. Wasu a mayar da su adaka gara ta ƙarasa, wasu a hura wuta da su, wasu su ƙare a hannun mai ƙosai.

Ana cikin wannan asara, ɗalibai 'yan ƙasar suna kashe kuɗin mota zuwa Kaduna neman shafi guda da ya ambaci garinsu. Lauyoyi suna cigiyar tsohon hukuncin da zai raba gardamar gona. A Turai da Amurka kuma akwai masu sayen ire-iren waɗannan takardu su jera a kundi don sha'awa. Kowa ya san darajarsu, in ban da masu su.

Mulkin da ya zo da alƙalami

Kafin zuwan Turawa, al'ummomin wannan yanki, wato Dakarkari masu kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa da sauransu, da baki suke ƙulla alkawari a gaban dattawa. Iyakar gona itace ce ko dutse ko rafi, shaidarta kuwa mutanen da suka gani da ido. Aure ma haka yake: saurayi ya shafe shekaru yana golmo a gonar surukai, gari duka shaida ne.

A maƙwabta kuwa rubutu ba baƙo ba ne. Sakkwato da Gwandu suna da alƙalai da wasiƙu masu hatimi tun farkon ƙarni na 19. A 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya kai takardun yarjejeniya wurin Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu Maliki, a madadin kamfanin da ya zama Royal Niger Company bayan shekara guda. Ingila ta riƙa kaɗa waɗannan takardu a gaban Faransa da Jamus a matsayin hujjar cewa ƙasar ta shiga hannunta. Masana tarihi kuwa sun daɗe suna nuna cewa abin da sarakunan suka bayar izinin ciniki ne, ba mulki ba.

Ran 1 ga Janairun 1900 Lugard ya ayyana Arewa a ƙarƙashin Ingila. A 1901 sojojinsa suka ci Kontagora, garin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda hare-harensa na kamun bayi suka daɗe da addabar ƙabilun wannan shiyya. A Maris na 1903 Sakkwato ta faɗi.

Bindiga na yin shiru, alƙalami ya karɓi aiki. Razdan da Di'o ba su da yawa, ƙasa kuwa faɗi gare ta, don haka da takarda suka riƙe ta. Sarki sai da takardar naɗi da rantsuwa. Kotu sai da takardar izini mai sa hannun Razdan, wadda ta fayyace darajarta da iyakar hukuncin da za ta iya yankewa. Haraji sai da ƙidaya da rasit. Akawu da malamin haraji da muhuti da tafinta suka zama manyan mutane a gari.

Me ke cikin takardun?

Mafi yawa kuma mafi amfani su ne littattafan kotu. Tun daga dokar kotunan gargajiya ta 1900, wadda aka yi ta yi wa kwaskwarima har zuwa 1933 da 1956, an wajabta wa kowace kotu ta rubuta ƙara da hukunci, Di'o kuma yakan duba littafin in ya fito rangadi ya sa hannu. A inda Musulmi suka fi yawa alƙali ke zama, a inda ake bin al'ada kuma sarki da dattawa ke yanke hukunci.

Aure da bashi da gado da iyakar gona su suka cika waɗannan littattafai a duk faɗin Arewa. Wanda ke son sanin yadda talaka ya rayu, nan zai duba: nawa ne kuɗin akuya, wa ke gadon gona, me ake biyan mutumin da ya yi wahalar golmo in aure ya mutu, yaushe mace ta fara kai ƙara da kanta.

Sai takardun ƙasa. Dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa dukan filayen Arewa a hannun Gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka galibi kamfanoni da mishan da baƙin 'yan kasuwa ke karɓa. Manomi a Senchi ko Bena bai san da ita ba, gonarsa tana kan al'ada. Saboda haka sau da yawa sawun da gonar gado ta bari a rubuce bai wuce hukuncin kotu ko jerin sunayen masu biyan haraji ba.

Akwai kuma takardun 'yanci. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba a haramta bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubun-dubatar bayi suka fanshi kansu ta hanyar kotu, aka rubuta sunayensu da asalinsu da abin da aka biya. Ga al'ummomin da aka kwashe wa 'ya'ya zuwa Kontagora da wasu garuruwa, waɗannan rajistoci na iya zama hanyar gano inda dangi suka ɓace.

Littafin sallama

In akwai takardar da ta fi kowace dacewa da Zuru, littafin sallamar soja ce. Turawa sun shaidi Dakarkari da jarumtaka, suka riƙa ɗibarsu cikin rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897. A yaƙin duniya na biyu sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Habasha, sannan aka kai runduna ta 81 da ta 82 dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945. Sunayen barikoki irin su Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya da Arakan a Legas duk daga can suka samo asali.

Wannan gado ne ya haifar da manyan hafsoshin da ƙasar Zuru ke alfahari da su, irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba da ya mulki Kaduna, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na II, tsohon gwamnan soja na Bauchi. Tarihin waɗannan a rubuce yake. Na kuratan da suka share musu hanya kuwa yana cikin ɗan littafin da bai fi tafin hannu ba.

A ciki ake samun lambar soja, da ranar shiga da ta fita, da inda mutum ya yi aiki, da shaidar halinsa, da sa hannun hafsan da ya sallame shi. Muhimmancinsa ya wuce yadda ake zato. Yawancin lambobin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba ba a zana sunan mai su a jiki ba. In aka raba lamba da littafi, ta zama ƙarfe kawai, ba mai iya cewa ga wanda ya sha wahalarta.

Ga kuma wata matsala: masu ɗaukar soja sukan rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari ko na ƙabila, su bar sunan uba da na zuriya. Mutum goma na iya amsa suna ɗaya a rajistar gwamnati. Littafin da ke hannun iyali ne kaɗai ke haɗa lambar da ke rajista da mutumin da aka sani a gida.

Rashin irin wannan shaida ya riga ya cuci mutane. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina don tunawa ba. A 2019 ma wata tsohuwar takarda ta 1945 ce ta fallasa cewa kuɗin sallamar baƙar fata bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba farar fata mai muƙami ɗaya da shi ba.

Tarihi a warwatse

Mai neman takardun Zuru sai ya ɗaura ɗamarar tafiya, domin ƙasar ta sha sauyin uwar gijiya. Ta zauna a ƙarƙashin lardin Kontagora, wanda E. C. Duff ya tattara bayaninsa a littafi a 1920. Ta zauna a lardin Sakkwato, shi ya sa bayanin da P. G. Harris ya wallafa a kan Dakarkari a 1938 ya kira su mutanen wannan lardi. Daga baya ta koma lardin Neja. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, a Agustan 1991 kuma Jihar Kebbi.

Kowane sauyi yana tafe da kwashe fayil-fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kuma ba a ƙaura ba tare da an zubar da wani abu a hanya ba. Yau abin da ya tsira yana rarrabe cikin kundayen lardin Sakkwato da na Minna da na sakatariyar Arewa, a reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa. Wannan hukuma ta samo asali ne daga aikin Kenneth Dike, wanda ya zagaya ƙasa a farkon shekarun 1950 ya ga yadda takardu ke ruɓewa, har aka buɗe ofishin farko a Ibadan a 1954.

Wasu bayanan suna Arewa House, cibiyar da Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a gidan Sardauna a 1970. Wasu suna cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wasu kuma sun haye teku, suna ma'ajiyar gwamnatin Ingila a Kew da ɗakunan karatu na Oxford, inda tsofaffin Di'o-Di'o suka ajiye takardunsu bayan ritaya.

'Yan ƙasa ba su yi barci ba. A 1990 A. R. Augi da S. U. Lawal suka shirya littafi a kan tarihin al'ummar masarautar Zuru, ɗalibai kuma suna ta rubuta kundayen digiri a jami'o'in Sakkwato da Zariya. Amma duk mai wannan aiki da rahoton Bature ya fi cin karo, domin shi aka adana. Takardun ƙasa-ƙasa, na kotun gunduma da na gidajen mutane, su ne ba wanda ya tattara.

Abokan gabar takarda

Gara ce ta farko, sai ɓera da kyankyaso da yoyon damina. Ƙasar Zuru tana samun ruwa fiye da arewacin jihar, danshi kuma yana sa takarda ta yi funfuna. In hunturu ya zo sai ta bushe ta riƙa karyewa a inda aka ninke ta. Ƙusar maƙala takardu tana tsatsa ta cinye gefen shafi.

Na biyu shi ne sauyin hukuma. A ƙarshen shekarun 1960 aka ƙwace kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi. Masarautar da ke da sarautu biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, yau tana da ƙananan hukumomi huɗu. A irin wannan rabon gida, mota da kujera ake rububi, tsohon littafin kotu ba mai tambayar inda ya shiga.

Na uku shi ne rashin tsaro, wanda ya fi duka ciwo. A Yunin 2021 an kashe mutum sama da 80 a ƙauyukan Danko-Wasagu, a Maris na 2022 kuma 'yan sa-kai fiye da 60 suka rasa rayukansu a yankin Sakaba. Garuruwa da dama sun watse, an ƙone gidaje da rumbuna. Wanda ya gudu da goyo a baya ba zai tsaya neman takarda ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Sai dai ranar da zaman lafiya ya dawo, aka koma gida, tambayar gonar wa ce wannan za ta taso, alhali dattawan da suka san iyaka wasu sun rasu, wasu sun warwatse.

Kasuwar masu tarawa

A ƙasashen waje tara tsofaffin takardu sana'a ce mai zaman kanta. A shafukan gwanjo na intanet irin su eBay ana sayar da ambulan da rasit da takardun yarjejeniya na ƙasashen da Ingila ta mulka. Wani kan sarki yake bi, domin a da akan manna shi a rasit a sa hannu a kansa. Wani tambarin gidan waya na ƙaramin gari yake nema. Wani kuma sa hannun fitaccen gwamna ko Razdan.

Masu wannan sha'awa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa takardar da suka saya ta tsira daga gara da gobara, tana cikin ɗaki mai sanyi, alhali da an bar ta a inda take da tuni ta zama ƙasa. Suna ƙarawa da cewa kuɗin da suke biya ne ke sa mutane su gane abin yana da daraja.

Masana tarihi da ma'aikatan adana takardu suna kallon abin ta wata fuska. Ɗan kasuwa yakan yage shafin da ke da kan sarki ko sa hannu ya watsar da saura, ko ya raba ƙunshi guda ga masu saye goma. Takardar da aka raba da 'yan uwanta da gidan da ta fito ta rasa rabin ma'anarta. In ta shiga kundin wani a ƙetare kuma, jikan mai ita ba zai sake ganinta ba.

Akwai bambanci mai zurfi a nan. Kasuwa sa hannun Bature take sa wa farashi. Ga mutumin Zuru kuwa, abin da ya fi tsada a shafin shi ne sunan manomi ko na matar da ta dangwala yatsa a ƙasa, domin wataƙila nan ne kaɗai aka taɓa rubuta sunan nan a duniya. Lugard da magadansa an cika ɗakunan karatu da labarinsu. Wanda ba shi da kowa sai wannan shafi shi ya fi cancanta a tsare masa shi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba, dokar adana takardu ta 1992 kuma ta ɗora wa hukuma kula da takardun gwamnati. Littafin kotu ko na baitulmali dukiyar jama'a ce, ba na wanda ya tsince shi ba ne balle ya sayar.

Takarda a gaban alƙali

Mai ganin tsohuwar takarda ba ta da sauran ƙarfi ya tuna da Bakasi. Ran 10 ga Oktoban 2002 kotun duniya ta ba Kamaru yankin, kuma babbar hujjarta yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka sa wa hannu ce a 1913.

Ya kuma tuna da Kenya. Da tsofaffin da aka azabtar a zamanin Mau Mau suka kai ƙara Landan, a 2011 gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da fayil-fayil da ta kwashe gab da ba da mulkin kai. Adadinsu ya kai wajen 20,000 daga ƙasashe 37, har da Najeriya. A 2013 aka biya mutum sama da 5,000 diyyar kusan fam miliyan 20. Shaidar bakin tsofaffin gaskiya ce tun farko, amma sai da takarda ta fito aka saurare su.

A gida ma haka abin yake. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, ciki har da tarihin gado na baka da kuma takardu. Dokar shaida ta 2011 ta ba alƙali damar ɗaukar sa hannun da ke kan takardar da ta kai shekara 20 a matsayin sahihi, muddin ta fito daga inda ya dace a same ta. Wannan sharaɗi abin lura ne. Takardar da ta fito daga gidan magada ko ma'ajiyar kotu tana da nauyi, wadda ta bi hannun dillalai kuwa sai an sha tambaya a kanta.

Inda takarda ke da ƙarfi, 'yan jabu ba sa nisa. Alamomin gane su ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Takardar da ta ambaci naira kafin 1973 ƙarya ce. Haka wadda ke da kan sarki mai hoton Sarauniya Elizabeth amma an sa mata shekarar da ta gabaci 1953, ko wadda aka ce ta shekarun 1920 ce amma an rubuta ta da biro. Maganin jabu mafi inganci shi ne a sami rajistar asali da za a gwada kowace takarda da ita.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Ba kowa ke murna da tono tsofaffin takardu ba, kuma fargabarsu tana da tushe. Turawa sun sha ɗaga wani gida su danne wani, su haɗa garuruwan da ba su taɓa bin juna ba a ƙarƙashin hakimi ɗaya don sauƙin karɓar haraji. Dattawa da yawa suna tsoron kada takardar naɗi ko ta shata iyaka ta tayar da rigimar sarauta da aka daɗe da binnewa. Wasu kuma ba sa son a bankaɗo asalin bauta a zuriyar kowa.

Wasu ƙorafinsu a kan takardun kansu ne. Mai ƙara da Dakarci ya yi magana, tafinta ya juya zuwa Hausa, muhuti ya taƙaita, Di'o ya karanta da idon mai mulki. Rahotannin Turawa cike suke da kalaman raini ga masu bin addinin gargajiya. Don me za a ɗauki wannan a matsayin tarihin mutane?

Duka biyun gaskiya ne, amma ba su kai hujjar a bar takardu su lalace ba. Rigima ta fi ruruwa a inda kowa ke da nasa labarin kuma ba abin da za a duba. Takardun da suka shafi sirrin iyali ana iya adana su a taƙaita masu gani, kamar yadda ake yi a ma'ajiyoyin duniya. Son zuciyar Bature kuwa ba a gane shi sai an ajiye rubutunsa kusa da abin da dattawa suka riƙe a ka, da waƙoƙin bikin Uhola, da sunayen tsofaffin kufai a kan duwatsu. Takarda shaida ɗaya ce cikin shaidu. A yi mata tambayoyi, kada a kore ta daga zauren.

Abin da za a iya yi tun yau

Matakin farko a gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A fito da takardu a warware su a hankali, a cire ƙusa mai tsatsa, a shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ajiye a sama nesa da bango da ƙasa. Kada a liƙa salatif a inda ta yage. Kada kuma a kai ta shago a manne ta cikin leda da zafi, domin wannan gyara ne da ba a iya warwarewa, kuma yana lalata takarda a hankali.

Sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, a cikin haske mai kyau, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam. A rubuta sunan mai takardar na gida da na rajista, da garinsu, da yadda ta zo hannun wanda ke riƙe da ita.

Mataki na biyu na al'umma ne. Fadar masarauta da sarakunan yankuna biyar, da majami'u irin su UMCA da Katolika masu tsofaffin rajistocin baftisma da aure, da malaman zaure masu takardun ajami, da ƙungiyar tsofaffin sojoji, duk suna da abin da za su kawo. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da sashen tarihi na jami'o'in da ke kusa suna da matasan da za su iya aikin. Tsarin da ya fi kwantar da hankalin mutane shi ne a ɗauki hoto a mayar wa mai abu abinsa, a ba shi da kwafi.

Ba sabon abu ba ne. Shirin ceto takardu na babban ɗakin karatu na Ingila, wanda aka fara a 2004, ya tallafa wa irin wannan aiki a Kano da Kaduna, kuma ƙa'idarsa ita ce takardun asali su zauna a ƙasarsu. A cikin jihar ma akwai abin koyi: Argungu ta mayar da tsohuwar fadarta gidan tarihin Kanta tun 1958.

Mataki na uku na gwamnati ne. Jihar Kebbi da ma'aikatar shari'arta su sa a bi tsofaffin kotuna da ofisoshin hakimai a ƙirga abin da ya rage, a kuma ɗauko kwafin fayil-fayil ɗin Zuru daga Kaduna da Sakkwato a ajiye a wuri guda a cikin masarautar, inda ɗalibi da manomi da lauya za su iya zuwa su duba.

Lokaci ne abin da ba a da shi. Duk wanda ya mallaki hankalin kansa kafin 1960 yau ya haura shekara 80. Su ne kaɗai za su dubi suna a rajista su ce wannan kakan su wane ne, su ji sunan rafi a hukuncin kotu su nuna inda yake, su faɗi inda tafinta ya karkatar da magana. In aka yi aikin suna raye, za a sami takarda da mai fassara ta. In aka jira, ko takardun sun tsira, za a gaji sunayen da ba wanda ya san masu su.